Ranar da Na Auna Goggo

A unguwarmu ta Ali Kazaure da ke Jos ba a auna babbar mace. Idan ta sami atamfa, sai ta ciro wata tsohuwar rigarta da take jin daɗin sawa, ta naɗe su tare a leda, ta aika wa tela. Shi kuma ya shimfiɗa tsohuwar a kan sabon yadin, ya bi gefenta da alli, ya sa almakashi. Ita ake kira rigar awo. In ɗinki ya yi daidai, madalla. In bai yi ba, laifin rigar awo ne, ba wanda zai ce wa tela uffan.

Ni kuwa tun ina ƙarama ba ni da surutu. Inda duk aka neme ni aka rasa, ina bayan ƙofar ɗakin Mama da littafi. Kowa a gidan ya riga ya yanke cewa malamar makaranta zan zama ko ma'aikaciyar jinya. Da na gama sakandare na ce zanen tufafi da ɗinki nake so in karanta a kwaleji, ba Baba ne ya fara amsawa ba. Yayarsa ce ta yi magana, wadda muke kira Goggo, mace mai jiki da murya, mai sayar da dankalin Turawa buhu-buhu.

"Ɗinkin ne sai an je kwaleji?" in ji ta. "Telan bakin layin nan wace jami'a ya gama? Duk karatun nan da kike cinyewa, ashe a keke zai ƙare."

Baba dai daga baya ya yarda, na fara zuwa.

A makaranta na tarar da wata duniya daban. Ba a taɓa yadi sai an zana rigar a takarda mai kauri, an yanka takardar gunduwa-gunduwa, an tabbatar kafaɗa ta haɗu da hannu. Ba a kuma zana komai sai an auna mutum da tef, a jikinsa. Malamarmu ta darasin yanka 'yar ƙabilar Ibo ce da aka haifa a Kabong, muna ce mata Madam. Hausarta irin ta Jos ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu. Takan tsaya a kaina tana kallon yadda nake goge layi ina sake ja, ta ce, "Kai wannan yarinya, baki babu, amma ido akwai." Wannan ce yabo mafi girma da na taɓa ji daga bakinta, kuma na riƙe shi.

Ina cikin shekarata ta biyu aka yi wa Goggo tiyata. Ciwon daji ne, aka cire mata nono na hagu. Kowa a dangi ya sani, amma ba mai faɗa. "Aikin da aka yi mata" kawai ake cewa, a sauke murya. Ta warke, ta koma kasuwa, muryar nan tata ba ta rage ba. Sai dai matar da a da take yawo a tsakar gida da ɗaurin ƙirji, yanzu ko girki take yi tana cikin zurmemen hijabi. Ko a cikin mata zalla ba ta cire shi.

Bayan wani lokaci aka sa ranar auren autarta. Wata Asabar amaryar ta shigo gidanmu da leda, ta ajiye min a kan keke.

"Goggonki ta ce tunda an ce kin zama injiniyar ɗinki, ga na uwar amarya. Ta ce in kin ɓata mata atamfa kar ki sake gaishe ta."

Atamfa ce mai tsada, ruwan ganye da ratsin zinare. A cikinta ga rigar awo. Na shimfiɗa ta a kan tabarma na daɗe ina kallo. Riga ce da na sani, Goggo ta sa ta a sunan jikanta na fari, tun kafin ciwon. An tsuke ta a ƙirji dama da hagu, hannunta kuma matsattse ne. Na tuna cewa tun bayan asibiti Goggo ta daina sa awarwaro a hannun hagu, kuma ranar da ta miƙo min kofi na ga hannun ya fi ɗan'uwansa kauri. Idan na bi wannan rigar, hannun ba zai shiga ba. In ma ya shiga, ɓangare ɗaya na gaban rigar zai zube kamar buhun da aka juye. Ba wanda zai zarge ni, don abin da aka aiko na bi. Amma na san abin da zai faru: za ta gwada a ɗaki ita kaɗai, ta cire, ta ninke, ta yi bikin 'yarta a cikin hijabi tana cewa sanyi take ji.

Ranar Litinin na jira kowa ya fita daga aji, na yi wa Madam bayani ba tare da na faɗi ko wace ce ba. Ta nuna min yadda ake ɗinka ɗan aljihu a cikin shafin riga a sa abin cikewa, da yadda ake kawo naɗi daga kafaɗa ya ratsa ƙirji don ido ya bi naɗin. Sannan ta rufe littafinta.

"Amma duk wannan banza ne in ba ka auna shi ba. Ka je ka auna."

"Madam, babba ce. Ba a yi a wurinmu."

"To ka mayar masa da kayansa. Ni ban koya maka ɗinkin tsammani ba."

A gida na gaya wa Mama. Tana tsince shinkafa, ta ɗago ta dube ni kamar na ce zan hau rufin masallaci.

"Yayar ubanki za ki ce wa ta tuɓe? Ke da ko gaisuwa sai an matso an ji me kika ce? Ki bi abin da ta aiko, ki buɗa shi kaɗan, shi ke nan."

Na ɗauki almakashi a makon nan ya fi a ƙirga, ina ajiyewa. Atamfa in an yanka ta an yanka ke nan. Daga ƙarshe, wata safiya da aka kwana ana ruwa, na sa tef da fil a jaka, na sa rigar sanyi, na bi layi ina tsallake kwatoci har gidan Goggo.

Na same ta a ɗaki tana ware dankalin da ya fara tsiro. Na durƙusa.

"Goggo, an tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau, uwar littattafai. Har an gama ne, ko an ɓata?"

"Ban yanka ba tukuna."

"Me kike jira? A sauko miki da wahayi?"

Duk maganar da na shirya a hanya ta gudu. Na kalli dankalin, na ce, "Hannun ne, Goggo. Na hagu. Ba zai shiga rigar da aka aiko ba."

"To ki ƙara masa faɗi mana."

"Ba hannun kaɗai ba ne." Muryata ta yi ƙasa har ni ma da kyar na ji ta. "Ina so in auna ki. Akwai yadda ake yi, ba wanda zai gane komai."

Ta daina taɓa dankalin. Ina jin ɗigar ruwa daga indararo cikin bokiti. Na riga na fara tunanin yadda za a kai ƙarata wurin Baba, da yadda labarin zai zaga dangi cewa boko ya cire min kunya. Can ta karkaɗe hannuwanta.

"Tashi ki sa sakata."

Na sa. Ta cire hijabin, ta ninke shi a hankali ta ajiye a kan gado, sannan ta cire rigar ciki. Ta juya fuskarta wajen bango. Ban taɓa ganin Goggo ta kau da ido daga kowa ba sai ranar.

Na fara da baya, inda ya fi sauƙi: kafaɗa zuwa kafaɗa, wuya zuwa ƙugu. Tef yana ta zame min.

"Hannunki kamar ƙanƙara," ta ce. "Haka ake koya muku, ku kashe mutum da sanyi?"

Na zago gaba. Tabon ya taso daga tsakiyar ƙirji ya wuce har ƙarƙashin hammata. Da na ga abin da zan yi aiki a kansa, sai tef ya daina zame min. Na auna kowane ɓangare daban, na auna damtsen nan mai kumburi, na tambaye ta inda yake mata zafi in yadi ya goga. Ta nuna min da yatsa, har yanzu fuskarta tana bango.

"Tun da likita ya sallame ni ba wanda ya kalli wurin nan," ta ce. "Ni ma ba na kallo. To, masaniya. Ya kika ga ɗinkinsa?"

Na ɗauka da gaske take tambaya, don haka na sake dubawa da kyau.

"Ya ɗan karkace daga ƙarshe," na ce. "Da a ajinmu ne, da Madam ta sa shi ya farke."

Goggo ta yi dariya har sai da ta zauna a bakin gado tana dafe da gefen ciki. Ta share ido da bakin zani, ta ce, "Allah ya shirye ki. Ƙarasa abin da kike yi."

Aikin bai zo da sauƙi ba. Na fara ɗinka rigar da yadi mai araha don gwaji. Abin cikewar da na yi da auduga zalla ya yi sakayau, da ta ɗaga hannu sai ya haura sama. "Ga shi nan zai fito ta wuya ya gaishe da baƙi," in ji ta. Na koma na farke, na sa ƙananan duwatsun ado irin na leshi a tsakiyar audugar don ya yi nauyi ya zauna. Shafin da na fara sawa yana cizon tabon, na canza shi da wani mai laushi da na samo a kasuwar Taminus. Hannuwa biyun na yi su da faɗi iri ɗaya, masu zubowa, don kada ɗaya ya tona asirin ɗaya. Sai da komai ya zauna a yadin gwaji sannan na shimfiɗa atamfar, na daidaita ratsin zinaren ya bi naɗin daga kafaɗar hagu zuwa ƙugun dama, na yi bismilla na yanka. Mama tana wucewa tana leƙe, ba ta tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.

Ranar wuni aka cika tsakar gida da mata, an kafa rumfa saboda hadari. Ina can gefe ina taya zuba abinci, idona yana kan ƙofar ɗakin Goggo. Da ta fito, a cikin hijabi ta fito. Na ci gaba da zuba shinkafa ba na ganin farantin. Ta zaga ta gaisa da dangin ango, ta yi faɗa a kan kujeru, ta aika a ƙaro ruwa. Sai mai kiɗa ta fara kiran uwar amarya ta shigo fili.

Goggo ta tsaya a bakin rumfa. Ta kama hijabin ta ƙasa, ta cire shi ta kai, ta miƙa wa wadda take kusa da ita ba tare da ta duba ko wace ce ba. Ta gyara ɗauri, ta shiga.

Rigar ta zauna. Na bi ta da ido daga wuya zuwa ƙugu ina neman inda za ta ja ko ta tattare, ban samu ba. Ta ɗaga hannuwa biyu tana juyi, mata suka yi guɗa, amarya ta taso ta rungume ta. Mama ta zo ta tsaya kusa da ni, ta karɓi cokalin daga hannuna ta ce, "Je ki zauna ki kalla, zan zuba."

Da yamma Goggo ta wuce ta gabana tana haki, ta ce zif ɗin yana ɗan tsikarinta a baya. Iyakar abin da ta ce ke nan game da rigar. Na karɓa washegari na gyara.

Ba a yi wata guda ba wata mata ta yi sallama a gidanmu, ta ce daga unguwar Jos Jarawa take. A layin ganin likita suka haɗu da Goggo. Tana son rigar zuwa coci, kuma an ce mata a nan ba sai ta yi dogon bayani ba. Bayanta wata ta zo, ita ma ta kawo wata. Da lokacin aikin kammala karatu ya yi, a kan irin waɗannan riguna na yi nawa. Na tsaya gaban malamai na yi bayani da muryar da sai da suka ce in ɗaga, amma ba tambayar da ta gagare ni.

Yanzu ina da shago nawa, ɗan madaidaici, da kekuna da teburin yanka da ɗaki na ciki mai labule. Ina ɗinka wa amare da 'yan makaranta da ma'aikatan banki, amma ranar Laraba ta matan nan ce. Goggo ta rage zuwa kasuwa, don haka ita take zama a kujerar bakin ƙofa a ranar, ba wanda ya ɗora mata. In sabuwar zuwa ta tsaya tana jan ƙafa, rungume da ledarta, sai in jiyo muryar Goggo ina daga ciki:

"Shiga mana, baiwar Allah. Ba ta magana, sai aiki. In kin fito ki zo ki ba ni labarin wane likita ne ya yi miki naki."