Mai Zare Ya Tafi, Motata Na Nan Da Gwamenta

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan jiya, ina zaune cikin a-kori-kurata a ƙofar gida aka bugo min waya cewa Baba Mai Zare ya rasu. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Na buɗe ƙofa na zura ƙafa a ruɗe, na manta ni da kaina na sa aka ɗaga motar nan sama. Ƙasa ba ta inda na bar ta. Na tafi gaba ɗaya, wando ya rabu gida biyu, gwiwa ta ƙuje. Haka na je jana'izarka, Baba, ina ɗingishi, mutane suna cewa baƙin ciki ne ya sauko min ƙafa. Baƙin cikin kam akwai shi, amma gwiwar aikina ce.

Ga wanda bai san shi ba, bakanike ne, aikinsa saitin ƙafar mota. Yana da na'ura a gareji, amma sai ya zagaye tayoyi huɗu da farin zare, ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya, kafin hankalinsa ya kwanta. Sunan ke nan.

Ni kuwa Allah bai ba ni tsawo ba, karatu ma a aji huɗu muka yi sallama da shi. Da na samu mota sai na ce bari in rama. Na sa aka cusa mata ƙarafa a ƙasa, aka sa manyan tayoyi, har sai da na fara kallon rufin motocin mutane. Ba a jima ba tayoyin gaba suka fara cinyewa ta ciki, gefe guda sumul, gefe guda sabo fil. Sitiyari kuma ya koma ja hagu kamar akwai danginsa a can. Shi ne ya kai ni wurinka.

Ka ɗaga kai ka hango ni a sama, ka ce, "Gajere, za ka sauko mu gaisa, ko a kawo tsani?" Wannan suna ya bi ni har gida. Ka shafa tayar da tafin hannu, ka ce ɗagawar ce ta sa ƙafafun suka yi gwame, duk nauyin ya koma bakin ciki ɗaya na tayar. Ka ce za ka saita, amma muddin tana can sama, komawa za ta yi. Na ce to, a raina ina cewa tsoho bai san gayu ba.

Dabara ta zo min. Na je wurin mai faci ya juya min tayoyin, cinyayyen gefen ya dawo waje, mai kyan ya shiga ciki. A lissafina na ninka musu kwana. Da na koma gareji, ko zaren ba ka ɗauko ba. Ka ce, "Wa ya sa wa baiwar Allah nan riga a baibai?" Duk garejin aka kwashe da dariya, har da ni, don ban ga wata hanya ba.

Ranar da dariya ta ƙare, da safe ne, ina kai yarana uku makaranta. Tayar hagu ta fashe, motar ta yi kan kwalbati, Allah Ya tsare. Kai na kira. Ka zo da tsohuwar motarka, ba ka ce min komai a gabansu ba. Ka kakkaɓe wa autata jaka, ka kwashe su ka kai su. Sai da ka dawo ka ce, "Motar taka ce, wuyan ma naka ne. Amma yaran nan ba da su aka yi shawarar wannan shirmen ba. Ka sauke ta." Na kama hannunka na ce zan sauke.

Tun daga ranar uwar yaran ta yanke hukunci, babu ɗanta da zai sake hawa. Kai ka ɗauki kai su makaranta, wai hanyarka ce. Ba hanyarka ba ce, Baba, na san inda gidanka yake. Kullum ka ajiye su sai ka ce, "Gajere, yaushe?" Ni kuma in ce ƙarshen wata. Watanni suka yi ta ƙarewa, ashe naka ne ke ƙaratowa. Shekaranjiya autar ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta tana leƙen titi, sai da yayarta ta janye ta.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya daidaita maka hanya fiye da yadda ka daidaita tamu. Ina miƙa ta'aziyyata ga iyalinka, da 'ya'yanka, da ƙanenka da ya riƙe garejin. Allah Ya ba su haƙuri, mu kuma Ya sa mu cika da imani.

Saura alƙawarina. Ƙanenka ya ce in kawo ta ranar Asabar ya cire ƙarafan. Maƙwabta za su ga tsawona na gaskiya, na haƙura, in dai yarana za su zauna a bayana. Ban kai ba tukuna, Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma makullin yana hannun uwar yaran, ta ce ba zan taɓa shi ba sai ranar Asabar zuwa gareji, kuma ka san ta.