Koci Sali ya tafi, Hamadu kuma ba ya ɗaga waya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina kan bensikin, wato acaɓa, da safen nan zan tafi ofis aka kira ni, wai Koci Sali ya rasu. 'Yan bindiga sun buɗe wa ayarin motocinsu wuta a hanyar Bangui.



Ga wanda bai san shi ba, shi ne kocin ƙungiyar basket ɗinmu, ƙwallon kwando, ta unguwar New Bell, ni mataimakinsa. Direban kamiyo ne, babbar motar kaya. Ya dawo daga tafiya ido jajur, amma sai ya fara biyowa fili da ledar benye, irin fanken nan, da wake kafin ya ga gida. Takalmin ɗan wasa ya yage, shi zai kai ɗinki, bai gaya wa kowa ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe faɗa muka yi, a teburin mai shayi, ranar da aka cinye mu wasa na biyu na final. Kun san bakina. Na ce, "Koci, Hamadu ya zubar da mu. A ajiye shi a benci."

Hamadu ɗan wasanmu ne, daga arewa ya gudo bayan an ƙone ƙauyensu. Magoya bayan wancan ɓangaren sun gano lagonsa: da ya riƙe ƙwallo sai su fasa abin wasan nan mai ƙarar bindiga, shi kuma ya sandare, a ƙwace.

Koci ya ce a mayar da shi ƙarƙashin kwando, wani ɗan wasanmu Ambe ya riƙa ɗauko ƙwallo. Na ce wannan raha ce, Hamadu ba shi da jikin wurin. Ko yau a wasa ni ke da gaskiya.

Sai ya ajiye kofi. "Ka cire shi yau, gobe yana tashar Bassa yana neman motar da zai bi. Filin nan kaɗai ke riƙe da shi a Douala. Ni na san hanyar nan, Bashiru. Ba na son ya san ta."

Yanzu ga shi. Tun safe nake kiran Hamadu, ba ya ɗagawa. Goggonsa ta ce da ya ji rasuwar ya ce shi ke nan, mai sa shi wasa ya tafi, ya ɗauki jaka ya fita. An ce karnukan mota da yawa sun ƙi tafiya bayan abin da ya faru, masu motoci kowa suka samu ɗauka suke.

Wallahi tsoro nake ji. Ba ta kofin gasa nake ba.

Allah ya jiƙan Koci Sali, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.

Ku kuma 'yan Bassa, ku duba mini tasha. In kun ga Hamadu ku riƙe masa jaka, ku ce Bashiru ya ce wasanmu na ranar Asabar da shi za a fara.