Yadda Na Kai Ƙunshi Cikin Gari a Kan Pus-pus

Masu tare ni a ƙofar masallaci suna tambayar yadda muka ƙare da baje kolin kayan kwalliya, ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in huta. Daga Kilomita Biyar ne zuwa cikin garin Bangi, sunan unguwar ma ya faɗi nisan. Amma na sha zuwa iyakar Kamaru a bayan babbar mota ban gaji haka ba.

Dalilin tafiyar buhunan lalle ne da ke jibge a shagona tun kafin damina, danshi ya fara taɓa su. Aka ce masu gidajen kwalliya na cikin gari za su hallara a wani otal, kowace ƙungiya ta hau dandamali ta nuna gwaninta. Na ce in suka ga jan ƙunshinmu, buhunan nan sun tashi. Na yi rajista, aka ce ni ne shef, wato shugaban tawaga. Mutanena uku: yayata Dije mai yi wa amaren unguwar Kokoro ƙunshi, Maman Sadiya mai kitso, da Ramatu 'yar Yaya Dije, wadda za a yi wa adon.

Kokoro

Ana idar da sallar asuba na isa gidan Yaya Dije. Na tarar tun jiya an naɗe Ramatu, hannu da ƙafa cikin leda, an ɗaure da tsumma. Na tuna wa Yaya cewa masu taron sun ce a kan dandamali za a yi komai, cikin rubu'in awa. Ta ce su zo su nuna mata lallen da ke kamawa a rubu'in awa, ita ma ta saya.

Yarinya ba ta iya taka ƙasa, ba ta iya riƙe kowa. Mai moto, ɗan acaba ke nan, ya dube ta ya ce shi ba ya ɗaukar 'yan asibiti. Taksi kuma ya ƙi shiga lungun saboda taɓo. Ƙarshenta pus-pus na ɗauko, kurar nan ta 'yan dako, muka shimfiɗa darduma, muka ɗora ta tare da buhu ɗaya na talla.

Shinge

Hantsi bai yi ba muka iso wurin masu kaki. Ɗaya ya tambaye ni wa ya ɗaure yarinyar, da izinin wa. Faransancina na ciniki ne, bai kai nan ba. Ramatu ta yi masa bayani da Sango, yaren garin, tana dariya, ya ce sai ya kwance ya gani.

Yaya ta ce, "Garba, gaya masa in ya taɓa ledar nan, a titin nan zan kwanta har la'asar."

Ban fassara ba, fuskarta ya gani. Babbansu ya ja ni gefe yana tambaya ko abin yana rufe furfura. Na ɗebar masa ƙulli guda, muka wuce.

Otal

Abincin da suka ba mu burodi ne kamar ɗan yatsa, an soke shi da tsinken sakace. Maman Sadiya ta cinye faranti guda, sannan ta tambayi mai rabon yaushe za a kawo abinci. Waɗanda suka riga mu hawa sun zo da akwatuna da buroshi kamar masu fentin gida. Wani ya shafe fuskar wata da ruwan zinare, ta koma kamar butar shayi, aka yi ta tafi.

Da aka kira mu, ni da mai pus-pus muka cicciɓi Ramatu. Maman Sadiya ta fara tsaga tana ba Yaya labarin sunan da aka yi a unguwar Yakite, lokacin ya kusa ƙarewa kitso ɗaya ta kama. Yaya kuwa ta kwance leda a natse, ta wanke ƙafar a bokiti. Gaskiya ƙunshi ya kamu, ja har ya koma duhu. Sai ga mata sun taso da wayoyi suna ture juna.

Madam mai gabatarwa ta miƙa wa Yaya lasifika, ta ce wane lalle ne wannan, a ina ake sayar da shi. Na gyara hula na matso da buhuna. Yaya ta amsa da Sango, yadda kowa zai ji:

"Na Injamena ne, ƙawata ta aiko min. Na ƙanena ya sha danshi, ba zan sa wa 'yata shi ba."

Na ce mata da Hausa, a hankali, "Yaya, ni fa na kawo ku nan."

Ta ce, "To, Garba, ƙarya kake so in yi a lasifika?"

Dawowa

Alƙalai suka ce ba mu cikin gasa tunda a gida aka yi aikin. Yaya ba ta ma ji su ba, tana can matan cikin gari sun yanyame ta, kowace tana neman rana. Su uku taksi suka shiga. Ni da buhuna muka biyo pus-pus, muka iso unguwa ana kiran magariba.

Alhamdulillahi, mun je lafiya mun dawo lafiya. Ina gode wa mai pus-pus, shi kaɗai ya kira ni shef tun safe har yamma. Lalle kuma yana nan a shago. Mai son yi wa ragon layya alama ya zo mu daidaita, rago ba ya tambayar daga ina aka kawo.