Na Sace Kilo Goma Sha Biyar

Ba zan faɗi sunana ba. Wanda ya sani a Zuru ya sani, wanda bai sani ba kuma bai rasa komai ba. Ni ce yarinyar da ke kan sikeli a wurin lilon waya. Shekara biyu da wata uku na yi a gidan yari, kuma ban rubuta wannan don a tausaya mini ba. Don ku matasa na rubuta, musamman masu ganin wayo ya ishe su, irina.

Mahaifina tsohon soja ne, ya dawo gida yana noman dawa a gindin dutse. Mahaifiyata awon hatsi take yi a kasuwa, a gefenta na tashi. Na gama sakandare da sakamako mai kyau, amma ci gaba da karatu bai samu ba. Shekara biyu ina zaune gaban buhu ina korar awaki. A nan na haddace abin da ya kai ni ƙasa, wato duk lambar da aka faɗa ba ita ce ta ƙarshe ba. An faɗi kuɗi, ka ce a yi ragi. An cika mudu, ka ce a sa gyara. Wanda ya biya yadda aka ce tun farko, dariya muke masa in ya juya baya.

Sai wani mutumin garinmu da ya daɗe a birni ya dawo ya buɗe wurin shaƙatawa a bayan gari. Ya kawo injiniya ya ɗaura waya mai kauri ta ƙarfe daga kan dutse, ta ƙetare kwari, ta sauka can ƙasa kusa da wata bishiyar ɗorawa. Mutum zai sa ɗamara da hular kwano, a maƙala shi jikin wayar da ƙugiya mai 'yan tayoyi, a sake shi ya zurara har ƙasa. Mutane suka raɗa masa suna lilon waya. Ana neman wadda ta yi makaranta ta riƙe sikeli, aka ɗauke ni.

Ranar farko injiniyan ya sa mu a gaba, ni da Danladi, wani magidanci mai 'ya'ya huɗu da aka ba aikin tarbar mutane a ƙasa. Ya ce a wannan waya, wanda bai kai kilo arba'in ba ba ya hawa, wanda ya wuce kilo ɗari da goma ba ya hawa. Mara nauyi zai maƙale a tsakiya, ko ya sulluɓe daga ɗamara. Mai nauyi zai iso da gudun da birki ba zai iya riƙewa ba. Ɗamara kuma in ba ta rufe ƙugu har ta bar rarar tafin hannu ba, a cire ta, ko da mutum ya ci awo. Aikina in auna mutum, in ɗaura masa ɗamara, in kira Danladi a waya in faɗa masa nauyin, shi kuma ya matsar da birki daidai da abin da na ce.

Injiniyan ya nuna ni da yatsa ya ce, "Danladi ba ya ganin mutum sai ya iso. Lambar da kika ba shi ita ce idonsa."

Na ce to. A raina na ce mutanen nan da shegen tsoro suke.

Wata guda na bi doka. Sai wani ma'aikacin banki ya zo da budurwarsa, sikeli ya nuna ɗari da sha uku.

"Haba ƙanwata, kilo uku? Ai tuwon safe ne wannan. Yi mini ragi mana."

Kalmar ta shiga kunnena kamar ina gaban buhun mahaifiyata. Ya ajiye mini lemo mai sanyi da katin waya. Na kira Danladi na ce ɗari da tara. Mutumin ya sauka lafiya yana dariya. Da a ce ya ko gurɗe ƙafa ranar, da wataƙila na tsira. Amma ya sauka lafiya, ni kuma na yanke cewa injiniya ma tayawa ya yi, akwai ragi a cikin maganarsa.

Daga nan magana ta zaga: yarinyar sikeli tana jin roƙo. Kilo uku ya zama biyar, biyar ya zama takwas. Lemo ya zama abin sawa a aljihu. Na sayi waya sabuwa, na fara yi wa 'yan ajinmu kallon marasa dabara.

Allah ya yi mini gargaɗi sau ɗaya, na ƙi ji. Wata 'yar makaranta ce siririya, kilo talatin da huɗu, yayarta ta roƙe ni. Na ja ɗamarar har ƙarshe, duk da haka tana yawo a jikinta. Na ce wa Danladi arba'in da ɗaya. Yarinyar ta je tsakiyar kwari ta tsaya cak. Ta fi rabin sa'a a rataye tana kuka, har ta yi fitsari a wando mutane na kallo, kafin Danladi ya bi waya da igiya ya jawo ta. Da aka tashi ya hawo dutse ya same ni.

"Nawa kika ce nauyin yarinyar nan?"

"Arba'in da ɗaya."

"Da hannuna na ɗauke ta. Ɗiyata ta gida ta fi ta nauyi, kuma ba ta kai arba'in ba."

"Kai sikeli ne?"

Ya ce, "Ke yarinya, ki ji tsoron Allah. Rayukan mutane ne."

Na ce ya koma gindin ɗorawarsa. Ga darasin da na ɗauka ranar, ku ji ƙazantar tunani: ƙanana suna jawo surutu, manya kuma sun fi sakin hannu. Sai na daina barin ƙanana, na koma kan manya kaɗai.

Bayan abin yarinyar, mai wurin ya fara leƙa sikeli da idonsa. Ƙarya da baki ba ta yiwuwa kuma. Amma a ƙarƙashin sikelin akwai wani ɗan maɓalli da ake murɗawa don daidaita shi a kan sifiri. Na gano in na murɗa shi baya, sikeli da kansa zai yi mini ƙaryar. In ba kowa a kai sai in yafa masa tawul, in ce don kada rana ta lalata shi.

Washegarin Kirsimeti wurin ya cika. Da safe wasu 'yan kasuwa uku daga Bena, manya-manya, suka ja ni gefe muka gama magana. Na murɗa maɓalli baya kilo goma sha biyar, abin da ban taɓa kaiwa ba. Niyyata in mayar da shi da zarar sun wuce. Sai mai wurin ya zo ya tsaya a kafaɗata yana tsara layi, ya ƙi gusawa. Kafin layi ya zo kan mutanen Bena, matan coci daga Mahuta suka turo Mama Rifkatu gaba.

Mama Rifkatu matar soja ce, mijinta ya rasu, abinci take sayarwa kusa da tasha. Wurin mahaifiyata take awon dawa tun ina goye. Babbar mace ce, mai dariya da ƙarfi. Ƙawayenta suna ta tsokanarta wai wayar za ta kai ƙara in ta hau. Ta cire takalmi ta taka sikeli. Ɗari da takwas.

"A'a, na rame ke nan? Asibiti sun ce na fi haka."

Matan suka tafa mata. Ita kuwa ta sunkuyo kusa da kunnena.

"Ɗiyata, duba da kyau. In na wuce ki faɗa mini, ba dole ba ne. Ni kallo ma ya ishe ni."

Ba ta nemi ragi ba. Ba ta ba ni ko sisi ba. Cikin duk waɗanda suka taka sikelin nan, ita kaɗai ta roƙe ni in faɗa mata gaskiya. Na san nauyinta ɗari da ashirin da uku ne, lissafin bai fi ƙarfina ba. Amma in na ce ta wuce, mai wurin zai tambaye ni ta yaya, ga sikeli ya ce ɗari da takwas. Na auna aikina da bayan matar nan, na zaɓi aikina.

"Kin ci awo, Mama."

Ɗamarar ma ta gaya mini. Da ƙyar ta haɗu, sai da na sa gwiwa na ja, ko rarar yatsa biyu ba ta bari ba. Na jawo gefen rigarta na rufe wurin. Na kira Danladi na ce ɗari da takwas.

Wanda ya yi aiki a wurin ya san ƙarar wayar. Tun daga tsakiya na ji ta sauya. Mama Rifkatu ta isa ƙasa da gudun da ban taɓa gani ba, ta tafi da birkin, ta bangaje Danladi, ta daki turken ƙarfen da aka ɗaure wayar. Daga kan dutse ba a jin komai sosai. Na dai ga hular kwanonta tana gangarawa.

Kun san abin da na fara yi? Ban gudu wurinta ba. Hannu na kai ƙarƙashin sikeli. Matar da ta san ni tun ina goye tana kwance, ni ina laluben maɓalli. Ban kai gare shi ba mai wurin ya fizgi hannuna ya ce mu sauka. Kafin in dawo 'yan sanda sun kwashe komai, har da tawul ɗin.

Ƙashin bayanta ya taɓu, ƙafafu biyu sun karye. Danladi aka fara kamawa, wai shi bai sa birki daidai ba. Kwana huɗu ya yi a caji ofis da karyayyar kafaɗa, ni ina gida ina cin tuwo, bakina a rufe. Rana ta biyar aka kira ni. Na tarar da injiniyan, da sikelin a ƙasa, da buhun siminti sabo. Kowa ya san buhun siminti kilo hamsin ne. Aka aza shi. Talatin da biyar.

Ɗan sandan ya dube ni ya ce, "To malama mai lissafi, ina sauran sha biyar ɗin?"

Mutanen Bena ba su ɓata lokaci ba, suka faɗi komai. A kotu ban yi gardama ba, babu abin gardama. Mahaifiyata ta daina fita kasuwa, domin mata sun fara juya mudunta suna duba gindinsa a gabanta. Shekara talatin tana awo ba wanda ya taɓa yi mata haka.

Gidan yari ba zan ƙawata muku shi ba. Bokiti ɗaya a kusurwa ga ɗaki guda, ƙwarƙwata a kai, gabza da ko akuyarmu ba za ta shinshina ba. Ranar da na shiga wata tsohuwar fursuna ta tambaye ni, "Ke mi kika sata?" Na ce kilo. Aka yi ta dariya, daga ranar sunana ya koma Sikeli. Duk da haka warin bokitin bai kai ƙyamar da nake ji ba in na tuna hannuna yana jawo rigar matar nan. Wata shida na farko ina cewa laifin mai wurin ne da ya tsaya a kaina, laifin mutanen Bena ne, laifin talauci ne. Daga baya ƙaryar ta gundure ni. Ba wanda ya murɗa maɓallin nan sai ni.

Da aka sake ni na fara zuwa wurin Danladi. Ya koma noma, hannun dama ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. Ya ce ya bar ni da Allah, ya ci gaba da gyaran garmarsa. Bayan mako biyu na hau babur zuwa Mahuta.

Na same ta da hantsi a kan tabarma a ƙofar ɗaki, an jingina ta da bango. Na kusa wuce ta. Wuyanta ya zama kamar na yarinya. Na durƙusa na fara maganar da na daɗe ina shiryawa, ta katse ni.

"Bar dogon zance. Na yafe tun ina asibiti, don in samu barci. Amma kada ki ɗauka mun zama ƙawaye. Tunda kin zo, ɗaga ni, bayan gida nake so, yaran sun tafi gona."

Na sa hannu ƙarƙashinta na yunƙura da ƙarfina duka, har na kusa faɗuwa baya. Ni kaɗai na ɗauke ta, ba nishi.

Ta ce, "Kin ji ko? Yanzu ko sikelin gaskiya zai bar ni in hau."

Na kai ta, na jira, na dawo da ita.

Na roƙi Allah gafara, kuma ina roƙo har yau. Ku kuma ga abin da zan gaya muku. In ka je hawa irin wannan lilo, ka ga sikeli a kan sifiri da idonka kafin ka taka. In an ce ka wuce, ko ba ka kai ba, sauka ka yi kallo. In ɗamara ba ta zauna a ƙugunka ba, cire ta, ko wa ke yi maka dariya. Kada ka roƙi mai awo, kada ka ba shi komai, domin wanda ya karɓa a hannunka yau, wani zai kashe gobe, kuma da hannunka a ciki.

In kuma kai aka ba sikelin, ko wane iri ne, faɗi abin da ya nuna. Za a zage ka, za a ce kana da taurin kai, wataƙila a kore ka. An kore ka, ka tafi gida da ƙafafunka, mutumin ma ya tafi da nasa. Ni duk Asabar ina Mahuta. Ina wanke mata kaya, in ɗebo ruwa, in ɗaga ta in ta ce a ɗaga ta. Har yau ba ta sake ce mini ɗiyata ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ta ce ba.