Ƙwallayen Tukurwar Kurminmu

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rayar da ƙasa bayan mutuwarta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Fiyayyen Halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ni a bakin kurmi aka haife ni, can kudu da Zariya, inda tukurwa ke tsaye cikin ruwa, rassanta sun haɗe har rana ba ta taɓa ƙasa. Da gwangwalarta muke rufin ɗaki, da ita ake ɗaura gado da makara. Sau ɗaya take haihuwa. Idan ƙwallayen suka nuna, sai uwar ta bushe.

Na daɗe a Riyad, a wani tsohon gida a unguwar Ulaisha, ina karantar da direbobi da magina idan sun tashi aiki. Bara ɗan ƙanwata ya zo Umra, ya biyo ta wurina da wani ƙulli. Na kwance, sai ga ƙwallaye jajaye masu ɓawo kamar na kifi.

Ya ce, "Kawu, tukurwar da ta rage mana ce ta haihu. Masu noman citta sun kai gatari har bakin rafi. Na ce gara su zauna a hannunka."

Cikin ɗalibaina akwai wani dattijo mutumin Maraɗi, mai ba dabino ruwa a gaban wani ofis a unguwar Ulaya. Ya juya ƙwallo ɗaya a tafinsa, ya yi dariya.

"Malam, wanga ai ƙanen dabino ne. Mafi mushkila, in ji Larabawa, wato ba matsala! Ƙafa a ruwa, kai a wuta. Mu hau da su saman bene su sha rana."

Na ce, "Alhaji, kai da ba ka taɓa ganin kurmi ba?"

Ya ce, "Ku da kuka gan shi, Allah gafarta Malam, ga shi kun cinye."

Muka raba ƙwallayen biyu. Nasa na saman bene suka dahu a cikin tukwanen da ya shuka su. Nawa na binne a inuwar wurin alwala, kowa ya wanke gaɓɓansa ruwan ya gangara musu. Bayan watanni ɗaya ta tsiro, siririya kamar tsinke. Dattijon nan da kansa ya riƙa jiƙa buhu yana rataya mata. Amma ruwan garin nan yana barin farin gishiri a kan ƙasa, iskar bazara kuwa ba ta da raɓa ko kaɗan. Bakin ganyen ya fara ƙonewa, ƙunar ta bi shi har gindi.

Na buga wa ɗan ƙanwata waya, na ce sauran da ke gida a shuka su a kowace fadama aka samu, kada a sake fitar da su. Ya ce, "Kawu, ai duka na kawo maka. Kututturen ma an ƙone shi, rafin ya ƙafe."

Na yi istirja'i, na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wataƙila akwai irinta a wani kurmin, amma tamu ta ƙare, kuma a hannuna ta ƙare.

Allah Ya sa albarka ga wanda ya karanta wannan da iyalan gidansa, Ya shayar da su, Ya ba su inuwa ranar da babu wata inuwa sai taSa. Amin.