Ƙwan Fitilar da Ya So Ya Ɓata Min Suna

Abu biyu na je cetowa Abuja: babbar sitabilaiza mai daidaita wuta guda ɗaya da na sayar wa wata cibiyar binciken ƙwaƙwalwa, da kuma sunan da na yi shekara goma sha takwas ina ginawa a harkar kayan wuta. Sun bugo waya cewa hotunan na'urarsu sun fara rawa, kuma kayana ake zargi. In ya tabbata, in zo in kwashe abina.

Mun tashi daga unguwarmu Zaitawa ana idar da sallar asuba, ni da injiniyan da muke aiki tare. Hanya lafiya lau har Kaduna, daga nan ramuka suka karɓe mu. A Tafa muka ci doya da ƙwai, kuɗin da aka faɗa ya sa na tambayi mai abincin ko har da kazar ta sayar min.

Bayan azahar muka isa. Likitar da ke kula da na'urar ta yi min bayani dalla-dalla. Na'urar tana bin yadda jini ke kai-kawo a ƙwaƙwalwa lokacin da mutum yake tunani ko motsa yatsa. Canjin ɗan mitsitsi ne, don haka in ita kanta tana rawa, sai a ɗauka tunanin mutum ne. Shi ya sa kullum da safe, kafin a sa kowa, sai sun ɗauki hoton wani ƙwallon roba mai ruwa a ciki.

"Ƙwallo ba ya tunani, Alhaji," in ji ta. "Duk abin da ya motsa a hotonsa, daga wajenmu ne."

Nan take na gane. Na taso ina ganin marinan Ƙofar Mata, ba mai tsoma shaddar mutane sai ya fara gwada ƙyalle.

Na ce a nuna min sakamakon ƙwallon na kowace safiya. Layi ne miƙaƙƙe har zuwa wata Litinin, sannan ya fara tsalle. Sitabilaizata kuwa ta yi wata uku a wurin kafin nan. Injiniya ya auna wutar da take bayarwa, daidai take. Na tambaya me ya shiga ɗakin na'urar gab da wannan Litinin ɗin, ba wanda ya sani.

Aka sa na ajiye makullai da waya da agogo, don maganaɗisun na'urar ba ya wasa da ƙarfe, sannan na shiga. Ina ɗaga kai na ga ƙwan fitila ɗaya ya fi sauran fari. Na san shi sarai, katan-katan muke sayar da shi, mai arha ne, ko rediyo ka kunna kusa da shi sai ta yi shuu. Ashe na asali ne ya mutu, wani mai gyara ya sa wannan.

"Dakta, a cire wancan, a sake gwada ƙwallon."

Sau biyu aka gwada, layi ya miƙe sambal. Ta dube ni, ta ce, "Alhaji, a ina ka yi digirinka?"

"A kasuwa, ranki ya daɗe."

Washegari da la'asar muka dawo garinmu. Abin da na koyo: ka riƙa gwada abin awonka kullum, kana ajiye sakamakon, don ranar zargi shi zai tsaya maka. Na rasa kwana biyu na kasuwa da man mota. Sitabilaiza tana inda take, sunana bai taɓu ba, kuma ni aka ce in kawo musu fitilun da suka dace da ɗakin.