Shekarar da Waken Inna Ya Ƙi Nuna

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin azumin shekarar da nake aji uku a firamare aka cike rijiyar gidanmu a Gaya. Tun da hantsi Baba ya kira samarin unguwa, suna ɗebo ƙasa da ɓaraguzan tsohuwar katanga a kwando suna juyewa ciki. Da farko kowane kwando sai mu ji faɗawarsa cikin ruwa, tsundum, mu yara mu yi shewa. Kafin azahar wannan ƙara ta ɗauke, sai dai tim, tim. Iya, mahaifiyar Baba, wadda ta zo mana kwana biyu daga Gafasa, tana zaune a gindin darbejiya tana taunar goro. Da aka rataye guga a bango, sai ta ce, "Da tsohuwar zuma ake magani." Mu kuwa hankalinmu duk yana kan sabon famfon da aka dasa kusa da madafa.

Har yau ban ga laifin Baba ba. Akuyarmu ta taɓa faɗawa rijiyar, ga ƙanena Sabi'u ya fara rarrafe, ga gida ya yi mana kaɗan. Ruwan famfon kuwa daga wata babbar burtsatse aka jawo shi a bayan gari, fari tas, babu laka babu ƙwaro. Yana da ɗan zartsi a harshe, amma manya suka ce ai maganin da ake zubawa ne, alamar tsabta. Ni dai murnata ba ta misaltuwa, na huta da jan guga, sai in murɗa in cika randa in tafi 'yar galagala. Bayan salla Baba ya gina ɗaki a daidai gurbin rijiyar, mu 'yan mata muka koma kwana ciki.

Sana'ar Inna, mahaifiyata, garau-garau ce, wake da shinkafa da mai da yaji. Ba ta fita, amma sunanta ya fita. Da safe ni ke ɗaukar tukunyar in ajiye wurin wata tsohuwa mai gyaɗa a bakin makaranta, in an tashi tara in fito in sayar, kafin a kaɗa ƙararrawa an suɗe har ƙanzo. Malamai ma aikowa suke da kwanonsu. Waken Inna ba sai ka tauna ba, harshe ya isa. Da wannan tukunya take ɗinka mana kayan makaranta, take biki, take suna, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Waken kuma daga gonar Baba ta Gafasa yake zuwa, wani ƙaramin farin wake da ya gada daga mahaifinsa, wanda 'yan uwansa duk sun daɗe da barinsa sun kama sabon iri.

Da aka koma makaranta bayan salla, sai wake ya ƙi nuna. Inna za ta ɗora shi tun asuba, rana ta fito, kara ya ƙare, a sa itace, a buɗe tukunya a tarar da shi da tauri kamar tsakuwa. Na fara makara, na fara shan bulala a bakin ƙofa. Ta ce itacen ne ɗanye, aka sake itace. Ta ce tukunyar ce ta tsufa, ta ciro sabuwa daga kayan jerenta. Kwana kaɗan cikin sabuwar ya yi wani farin ɓawo, irin wanda ya kama butar shayin Baba, sai an sa wuƙa ake kankare shi. Gidan ma duk ya bi sahu. Sabulu ya daina kumfa, aka ce na yanzu algus ne. Farin hijabina ya koma ruwan toka. Gashinmu ya riƙa karyewa a hannun mai kitso, Sabi'u ya kwana ya tashi yana susa, tafin hannun Inna ya tsattsage saboda cuɗar wanki. Kowane abu an samo masa mai laifi, amma ba wanda ya dubi famfo. Wa zai zargi ruwan da yake ganin fuskarsa a ciki?

Abin da ya fi ba ni takaici da na girma shi ne, ashe duk unguwar haka ake fama. Sai dai kowace mace ta rufa wa tukunyarta asiri. A wurin matan unguwarmu, a ce wakenki bai nuna ba daidai yake da a ce ba ki iya girki ba, don haka kowacce ta ƙara kanwa ta ja bakinta. Ana haɗuwa a gidan suna a yi hirar tsadar sabulu, amma ba mai ambaton wake. Inna kuwa, wadda da waken aka san ta, ta fi kowa ɓoyewa.

Ita ma kanwar ta kama. Daga ɗan gutsure ta koma dunƙule. Waken ya yi laushi, amma ya yi baƙi, ya yi bauri, shinkafar ta yi wani ja mara kyan gani. Kwanonin malamai suka daina zuwa. 'Yan ajinmu suka sa mini suna Mai Kanwa, in na zo wasan carafke sai su toshe hanci. Wata rana yara da dama suka kama gudawa bayan tara. Washegari wani malaminmu, mutumin kirki, ya kira ni gefe ya ce, "Ki gai da Innarki, ki ce ta ɗan huta tukuna." Na ɗauko tukunyar a cike na dawo gida. Inna ta buɗe murfin, ta rufe, ta shiga ɗaki. Ranar na fara jin kukan uwata.

Baba kuwa sai ya ɗora laifin a kan wakensa. Ya ce irin ne ya gaji, tun da ma kowa ya bar shi sai shi mai taurin kai. Ranar kasuwar Ajingi ya kwashe duk abin da ya rage, har wanda ya adana cikin toka don shuka, ya sayar ya sayo sabon iri. Inna ta gwada sabon, shi ma ya tsaya ƙiƙam a tukunya. Daga nan ta daina zargin komai sai kanta. Na ji ta tana ce wa Baba, "Malam, hannuna ne ya lalace." Ta kife tukunyar sana'a a bayan ɗaki, kaji suka riƙa hawa kai.

A farkon damina aka yi wata iska da ta kayar da turakun lantarki, injin burtsatse ya tsaya, famfo ya ɗauke. Muka jera bokitai da robobi a ƙarƙashin indararo muka tari ruwan sama. Babu cefane a gidan ranar, sai Inna ta kakkaɓe gindin wani tsohon buhu ta sami ɗan ragowar waken Baba na gado, bai cika kwano ba. Ta wanke ta ɗora da ruwan saman, ko kanwa ba ta sa ba don ta ƙare, ta koma tsintar shinkafa. Can ta buɗe tukunya ta ciro ƙwaya ɗaya ta matsa, sai ta narke a yatsunta. Ta ciro wata. Ta aike ni in kira Baba daga zaure. Ya zo, ta miƙa masa ludayin. Ya ɗanɗana, ya dubi famfo, ya juya ya dubi ɗakinmu da ke kan gurbin rijiya, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tambaya a hankali, "Akwai sauran waken?" Inna ta ce shi ke nan.

Sana'ar ba ta dawo ba. Ruwan sama na damina ne kawai, na 'yan ga-ruwa kuwa ya cinye riba, wata mata daga unguwar da ba a kai wa famfo ba ta riga ta kama wurina a bakin makaranta. Baba ya zaga kasuwanni da ƙauyuka yana neman irin mahaifinsa, bai dace ba. Da Iya ta ji labari ba ta yi masa gori ba.

Yanzu in na je Gaya, famfon yana nan, bakinsa ya yi fari fat, wata rana ya kawo wata rana ya ƙi. Matan unguwar sun daina ɓoye-ɓoye, ko ƙaramar yarinya ta san ba a dafa wake da shi. Inna ta tsufa, amma da hadari ya haɗo sai ta sa jikoki su jera mata robobi, tana da randa guda da ba mai taɓawa, ta ruwan wake. In na kwana, a tsohon ɗakinmu ake yi mini shimfiɗa. Nakan dafa daɓen da tafin hannuna in ji ya fi na sauran ɗakunan sanyi. Ruwan yana nan a ƙasa, mu ne muka rufe shi.